Yini Guda a Tsibirin Gore

Ɗan'uwa mai karatu, yau za mu yi tafiya mai nisa, amma ba sai ka ɗaura wa jaki mangala ba. Za mu nufi yamma har inda ƙasa ta ƙare, wato bakin teku, a ƙasar Senegal. Daga Yamai zuwa Dakar, babban birnin ƙasar, ya fi kilometir 2,000.

Teku ruwa ne wanda idonka ba ya ganin gaɓarsa ta ƙetare. Ruwan gishiri ne, ba a shan sa, ba a yin ban-ruwa da shi. Tsibiri kuwa ƙasa ce ko dutse wanda ruwa ya kewaye ta ko'ina. Kalmar ba baƙuwa ba ce gare ka, tunda ka san Tsibiri, garin Sarkin Gobir, kusa da Maraɗi. Wanda ya taɓa zuwa bakin kogin Kwara ya ga irin waɗannan tudunnan a tsakiyar ruwa.

A Senegal babban hutun ƴan lakwal yana kamawa daga watan Yuli zuwa ƙarshen Satumba. Damina ce, ga zafi mai gumi wanda ke sa riga ta manne a jiki. A lokacin nan mutanen Dakar, da baƙi daga ƙasashe da yawa, sukan ware yini guda su ƙetara zuwa tsibiran da ke kusa da birnin, su sha iska, su yi wanka, su ci kifi, su komo gida da marece.

Tsibiran uku ne. Akwai Ngor, wanda masunta ke kai mutane cikin kwalekwale a ƴan mintoci. Akwai Madelen, duwatsu ne baƙaƙe inda ba kowa sai tsuntsayen teku, gwamnati ta keɓe wurin tun 1976. Kukokin can gajeru ne, iska ta hana su tsawo. Wani Bafaranshe masanin itatuwa mai suna Adanson ya je can a 1749, ya tarar matuƙan jirgin ruwa na dā sun rubuta sunayensu a jikin kuka. Daga sunansa ne masana suka raɗa wa kukar miyarmu sunan da suke kiran ta da shi a littattafansu. Na ukun shi ne Gore, kuma a kansa za mu yini.

Daga tashar jiragen ruwa ta Dakar ake shiga jirgi. Tafiyar wajen kilometir 3 ce, minti 20. Ɗaya daga cikin jiragen da suka daɗe suna wannan jigila an sa masa suna Kumba Kastel, sunan aljanar da mutanen tsibirin ke cewa ita ke tsaron su. In ka sauka, abin da za ka fara lura da shi shi ne shiru. Babu mota, babu kwalta. Lunguna ne na rairayi da dutse, gidaje jajaye da rawaya, furanni sun leƙo ta bisa katanga. Tsawon tsibirin duka wajen metir 900 ne, faɗinsa wajen metir 300. Akwai manoman da gonarsu ta gandu ta kusa kai haka. Mutanen da ke zaune can ba su kai 2,000 ba.

To, wannan ɗan dutsen da kake iya kewayewa tsakanin azahar da la'asar, manyan ƙasashen Turai huɗu sun yi shekaru ɗaruruwa suna faɗa a kansa.

Mutanen ƙasar suna kiran wurin Ber. Turawan da suka fara sauka can mutanen Fotugal ne, a 1444, ƙarƙashin wani matuƙi mai suna Dinis Diyas. Lokacin nan Turawa ba su ma san akwai Amurka ba, sai bayan shekara 48 suka kai can. Daga baya mutanen Holan suka zo suka zauna, suka gina gidajen yaƙi biyu, ɗaya bisa tudu, ɗaya a ƙasa. Su ne suka sa wa wurin suna Gore. Turawan Ingila suka ƙwace a 1664, mutanen Holan suka karɓe abinsu cikin shekarar nan. A 1677 jiragen yaƙin Faransa suka zo suka kore su. Bayan haka tsibirin ya zama kamar ƙashi tsakanin karnuka biyu: Ingila ta riƙe shi daga 1758 zuwa 1763, ta sake daga 1779 zuwa 1783, ta kuma sake a 1800. Sai a 1817 ya koma hannun Faransa, ya zauna can har Senegal ta sami mulkin kanta a 1960.

Za ka ce, mene ne a dutsen? Ba zinariya, ba gona, ba makiyaya. Ko ruwan sha ma bai ishi mutane ba. Ruwan sama suke tarawa, sauran kuma a ɗauko cikin ganguna daga gaɓa. Amfaninsa biyu ne. Na farko, yana da lungu inda jirgi zai tsaya iska ba ta dame shi ba. Na biyu, teku ta zame masa ganuwa. A zamanin nan Bature bai fi ƙarfin sarakunan ƙasar ba. Sarkin Kajor, wanda ake ce wa Damel, yana da dawaki da mayaƙa. In Bature ya gina gida a gaɓa, yana cikin hannun sarki. In yana bisa tsibiri, doki ba ya iya zuwa. Duk da haka ruwa, da itacen wuta, da hatsi, da nama, daga gaɓa suke fitowa, kuma sai an biya sarakuna kuɗin fito kafin a samu. Ranar da aka ɓata da sarki, mutanen tsibiri su kwana da ƙishirwa.

Abin da jiragen ke kawowa shi ne sandunan ƙarfe, da tufafi, da bindigogi, da albarushi, da barasa, da duwatsun ado. Abin da suke ɗauka shi ne fatu, da kakin zuma, da ƙaro, da hauren giwa, da zinariya kaɗan. Da kuma mutane.

Turawa sun buɗe manyan gonakin rake, da taba, da auduga a Amurka da tsibiran da ke kusa da ita. Aikin rake aiki ne mai cin rai. Suna son hannuwa masu yawa waɗanda ba za a biya ba. Sai suka juyo Afirka. A nan kuma suka sami masu sayarwa: sarakuna da ke yaƙi da juna, da fatake, da ƴan hari. Sarki ya sayar da kamammu ya sami bindiga. Maƙwabcinsa ya ga in bai yi haka ba shi za a ci, shi ma ya shiga. Haka wutar ta yi ta ci. Masu binciken tarihi sun bi takardun jiragen ɗaya bayan ɗaya, suka ƙidaya cewa a cikin shekara wajen 350 an ɗora mutum wajen miliyan 12 da rabi a jiragen bayi. Waɗanda suka sauka da rai wajen miliyan 10 da dubu 700 ne. Sauran teku ta ci su.

Kada ka zaci mutanen nan sun miƙa wuya kamar tumaki. Wani ma'aikacin kamfanin Faransa mai suna Pruneau de Pommegorge, wanda ya zauna a Senegal, ya buga littafi a 1789, ya ba da labarin wani abu da ya faru a Gore. An tara kamammu wajen 500, mayaƙa ne da aka ci a yaƙi. Suka shirya a asirce za su tashi su kashe masu tsaro, su kama gidan yaƙi. Wani yaro da aka ɗaure kusa da su ya ji, ya kai magana. Da aka tambayi shugabanninsu biyu, ba su yi musu ba. Aka ɗaure su a bakin igwa aka harba, sauran suna kallo. Aka zuba sauran a jirgi. A tsakiyar teku suka sake tashi, aka kashe da yawa daga cikinsu kafin a fi ƙarfinsu.

Yanzu bari mu shiga gari. Kusan duk wanda ya sauka daga jirgi wuri guda yake nufa, wani gida ja da ke bakin ruwa, ana ce masa Gidan Bayi. An gina shi wajejen 1780, na wani dangi ne masu suna Pepin. In ka shiga tsakar gida za ka ga matakala biyu sun lanƙwasa kamar ƙahonin sa, sun hau bene. A sama ɗakuna ne masu faɗi da iska, inda masu gida ke zama. A ƙasa ɗakuna ne ƙanana masu duhu, da ƴan tagogi sirara. An rubuta a bakin ƙofofin: na maza, na mata, na yara. Tsakanin matakalan akwai wani siririn lungu. In ka bi shi, a ƙarshensa akwai ƙofa, bayanta ba komai sai duwatsu da teku. Ita ake kira ƙofar da ba a komowa.

Mutumin da ya sa duniya ta san gidan nan sunansa Bubakar Yusufu Njay, Turawa na rubuta shi Boubacar Joseph Ndiaye. An haife shi a 1922. Tsohon soja ne, ya yi wa Faransa yaƙin duniya na biyu. Ya kama aikin kula da gidan wajen 1962, bai bari ba har ya rasu a 2009. Kullum yana tsaye bisa matakala, riƙe da mari da sarƙa, yana ba baƙi labari da murya mai sa jiki ya yi sanyi. Baƙaƙen fatar Amurka, jikokin waɗanda aka tafi da su, sukan zo su tsaya bakin ƙofar nan su yi ta kuka. A 1978 hukumar UNESCO ta sa Gore cikin wurare 12 na farko da aka ce kayan gadon duniya ne baki ɗaya. Nelson Mandela ya zo a 1991. Paparoma Yahaya Bulus na biyu ya zo a 1992, ya roƙi gafarar Allah saboda hannun da Kiristoci suka sa a cinikin. Shugabannin Amurka uku sun zo: Clinton a 1998, Bush a 2003, Obama a 2013.

A nan akwai wata magana wadda ya kamata ka ji, don kada wani ya riga ni faɗa maka ita a karkace.

Shekara da shekaru ana gaya wa baƙi cewa miliyoyin mutane sun fita ta wannan ƙofar. A ƙarshen 1996 wata jaridar Faransa mai suna Le Monde ta buga cewa ba haka ba ne. Ran mutanen Senegal ya ɓaci ƙwarai, har aka tara masana a tsibirin a 1997 don a tattauna. Abin da masu bincike suka nuna shi ne wannan. An gina gidan ne lokacin da cinikin ya kusa ƙarewa a Gore. Gidan zama ne na attajirai. Ɗakunan ƙasa sun fi zama ma'ajin kaya da makwancin bayin gida, ko da yake ana iya tsare kamammu a ciki kafin jirgi ya zo. Duwatsun da ke bayan ƙofar ba sa barin babban jirgi ya matso. Manyan kurkukun kamfani suna wani wuri ne a tsibirin, kuma an rushe su tuntuni. Yawan mutanen da takardu suka nuna an fitar ta Gore kuwa wajen dubu 30 ne. Manyan kasuwannin suna can kudu: Luwanda a Angola, da Wida a Dahome wadda yanzu ake ce wa Benin, da Boni da Ikko a Nijeriya.

Ni a ganina masu bincike suna da gaskiya a kan lissafi, kuma bai kamata a ji haushinsu ba. Wanda ya ƙara wa gaskiya gishiri ya ba abokin gaba sanda, gobe sai ya ce duk labarin ƙarya ne. Amma kada dubu 30 ta yi maka kaɗan a kunne. Ɗauki ƙauye mai mutum 500. Ka kwashe shi kaf, da tsofaffi da jarirai, ka bar rumbuna da kangaye. Ka yi haka sau 60. Wannan ita ce dubu 30. Shi kuma tsohon sojan, ya ba mutane wurin da za su tsaya su yi kukan kakanninsu, a lokacin da littattafan lakwal ba su cika maganar ba. Wannan aikin nasa yana nan.

Wataƙila kana tambaya, ko an bi da Hausawa ta Gore? Hanyarmu ba nan ba ce. Waɗanda aka fitar ta nan Wolof ne, da Serer, da Fulani, da Bambara. Hausawan da suka faɗa wannan bala'in kudu aka yi da su, musamman a yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804. Aka bi da su ta ƙasar Yarbawa zuwa Ikko, da Porto Novo, da Wida. Da yawa an sauke su a Bahiya, cikin ƙasar Barazil. Can ma ba su kwanta ba. Takardun hukumar Bahiya sun ambaci Hausawa a tawayen 1807, da 1809, da 1814. A watan azumi na 1835 bayi Musulmi, yawancinsu Yarbawa tare da Hausawa, suka tashi a birnin Salbado. A jikin waɗanda aka kashe an sami layu da rubutun Arabiyya. Wasu ƴan'uwanmu kuma arewa aka yi da su, ta Damagaram da Agadas, suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus. Wannan hanyar ba Bature ya buɗe ta ba, kuma mu ma mun sani. A Nijar sai a 2003 aka yi dokar da ta sa bautar da mutum ya zama laifin da ake ɗaure mai yin sa.

Mu koma Gore. Akwai bayin da ba a cika ba baƙi labarinsu ba, su ne waɗanda ba a tafi da su ko'ina ba. A shekarun 1700 fiye da rabin mazauna tsibirin bayin gida ne. Su wa suka mallake su? Yawanci mata ne, ana ce musu sinyar. Kalmar daga harshen Fotugal ta fito, ma'anarta uwargida. Matan ƙasar ne, ko ƴaƴan da aka haifa tsakanin Bature da baƙar mace. Bature in ya zo aiki yakan auri ɗaya bisa al'adar wurin. In wa'adinsa ya cika ya tafi, aure ya mutu, gida da dukiya da ɗiya su zauna wa matar. Ta haka wasu suka zama manyan attajirai, da gidajen bene, da jiragen fatauci, da zinariya a wuya da kunne, da ɗaurin kallabi mai tsini. Wadda aka fi sani ita ce Anne Pepin, ta zamanin gwamna Boufflers, wanda ya zo a 1786.

Bayin sinyar su ne magina, su ne kafintoci, su ne maƙera, su ne matuƙan jirgi. Uwargida takan ba kamfani hayar su, kuɗi su shiga hannunta. Mata kuwa aikinsu daka. Kai da ka san abin da ake nufi da dakan hatsin gida guda, ka auna dakan hatsin da zai ci da sojoji, da ma'aikata, da kamammun da ke jiran jirgi, da guzurin jirgin da zai yi wata ɗaya ko biyu bisa teku. Tun asuba tsibirin ke amsa sautin taɓarya. Bisa al'ada ba a sayar da bawan gida ga jirgi sai in ya yi babban laifi, amma tsoron haka yana rataye a wuyansa kullum. Gidajen nan masu kyau da baƙi ke ɗaukar hoto a gabansu, hannun waɗannan mutanen ne ya ɗora kowane dutse nasu.

Ingila ta hana jiragenta cinikin bayi a 1807. Faransa ta bi baya bayan 1815, ko da yake an daɗe ana yi a ɓoye. Ranar 27 ga Afrilu 1848 gwamnatin Faransa ta soke bauta a ƙasashen da ke hannunta, bayin Gore suka zama ƴaƴa.

Daga nan tsibirin ya fara ja da baya, kuma abin da ya kayar da shi ka san shi sarai: gujiya. Masana'antun Faransa suna son man gujiya don sabulu. Manoman Senegal suka shiga noman ta. Buhunan gujiya suna son fili, da manyan ɗakunan ajiya, da hanyar jirgin ƙasa. Ina za a sa su a bisa dutse mai metir 900? A 1857 Faransawa suka ƙetara suka kafa tuta a Dakar, wadda a lokacin ƙauyen masunta ce. Attajirai suka yi ta kwashe kayansu suna komawa gaɓa. A 1878 annobar shawara ta faɗa wa tsibirin. Har yanzu akwai dutsen tunawa da masu aikin magani 21 da suka mutu wajen jinyar mutane a shekarar nan. A 1902 Dakar ta zama mazaunin babban gwamnan Afirka ta Yamma ta Faransa, wanda daga baya Nijar ma ta shiga ƙarƙashinsa. A 1929 aka haɗe Gore cikin Dakar. Uwa ta koma goyon ɗiyarta.

Kafin nan tsibirin ya haifi wani mutum da ya yi suna. Blaise Diagne, an haife shi a Gore a 1872. A 1914 ya zama baƙar fatar Afirka na farko da aka zaɓa ɗan majalisar dokokin Faransa. Ya yi wa mutanen garuruwa huɗu na Senegal faɗa har aka tabbatar musu da haƙƙi irin na ɗan Faransa. Amma shi ne kuma aka aiko a 1918 ya zagaya Afirka ta Yamma ya tara dubban samari aka kai su yaƙin Turai. Har yau ana gardama a kansa.

Yanzu zo in nuna maka wani gini da yawancin baƙi ke wucewa ba su ɗaga kai ba, alhali mu mutanen Nijar ya fi kowane gini a tsibirin shafar mu. Tsohon bene ne kusa da dandalin gari. Nan ne makarantar horon malamai ta William Ponty ta zauna. An kafa ta a garin Sanluwi a 1903, aka kawo ta Gore a 1913. A 1915 aka sa mata sunan wani babban gwamna da ya mutu a shekarar. Ta zauna a tsibirin wajen shekara 25 kafin a mai da ita Sebikotan, a gaɓa.

Faransawa suna bukatar malamai, da akawuna, da masu taimakon likita, waɗanda za a biya kuɗi kaɗan. Sai suka riƙa tace yara daga dukan ƙasashen da suke mulki, daga Senegal har Nijar. Wanda ya fi kowa a lakwal ɗin garinsu a tura shi gaba, wanda ya fi kowa a can a sake tura shi gaba, har ƴan ƙalilan su iso Gore. Karatun shekara uku ne. Takardar da ake ba su ba ta kai darajar ta ɗan Faransa ba, da gangan aka yi haka. A nan Félix Houphouët-Boigny na Kodebuwa ya yi karatu, da Modibo Keita na Mali, da Hubert Maga na Dahome. Kowannensu ya zama shugaban ƙasarsa na farko.

Daga Nijar, Bubu Hama, ɗan ƙauyen Foneko a ƙasar Tera, ya iso Gore a 1926. Ka auna yaron da ya tashi cikin rairayi da ƙaya, a wayi gari yana kwana a wurin da ruwa ya kewaye, ba ya jin harshen kowa sai Faransanci. Ya fito a 1929, shi ne ɗan Nijar na farko da ya sami takardar malanta daga can. Ya shugabanci majalisar dokoki daga 1958 zuwa 1974, ya rubuta littattafai masu yawa a kan tarihin ƙasarmu, har da na Gobir. Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai yana ɗauke da sunansa. Bayansa Diori Hamani, ɗan Sudure, ya zo. Da ya gama a 1936 ya koyar a Yamai da Maraɗi, daga baya aka kai shi Paris yana koya wa Turawa masu shirin zuwa mulki Hausa da Zabarmanci. A 1960 ya zama shugaban Nijar na farko. Djibo Bakari na jam'iyyar Sawaba shi ma ɗan Ponty ne, amma shi a Sebikotan ya yi.

Abin da masu makarantar ba su lissafa ba shi ne, sun tara yara masu kaifin kai daga ƙasashe takwas a ɗaki guda. Ɗan Nijar ya ji daga bakin ɗan Gine cewa aikin tilas da ake yi a garinsu, can ma shi ake yi. Ɗan Mali ya ji harajin Dahome. Suka san juna, suka riƙe zumunci. Da aka buɗe ƙofar siyasa a 1946, su ne suka kafa jam'iyyu. An horar da su don su riƙe wa Bature alƙalami, suka riƙe shi, suka rubuta takardar sallamarsa.

In rana ta karya, sai a hau tudun da ke kudancin tsibirin, ana ce masa Kastel. A gindinsa akwai masallaci na dutse, an gina shi wajen 1890, yana cikin tsofaffin masallatan dutse na Senegal, igiyar ruwa tana dukan gindin katangarsa. A bisa tudun akwai manyan igwa biyu da suka yi tsatsa, yara na hawa kansu suna wasa. Sun yi aiki a watan Satumba na 1940. Lokacin Jamus ta ci Faransa, gwamnan Dakar yana bin gwamnatin da ta miƙa wuya. Janar de Gaulle ya zo da jiragen yaƙin Ingila don ya karɓi birnin. Aka yi kwana uku ana ɓarin wuta, daga 23 zuwa 25 ga wata, bai samu shiga ba, ya juya. Wani jirgin kaya mai suna Takoma ya kama wuta a faɗan, ya nutse kusa da Gore. Shi ya sa jirgin fasinja ba ya miƙewa sak, sai ya kewaye wata alama da ke yawo bisa ruwa inda gawar jirgin take.

Daga bisa Kastel kana ganin dogayen benayen Dakar, da manyan jirage suna jiran shiga tasha. In ka sauko, ɗan rairayin da ke kusa da matsayar jirgi ya cika maƙil da masu hutu. Mata na gasa kifi. Masu sayar da zane da sarƙoƙin wuya suna bin baƙi. Yaran gari suna iyo kewaye da jirgi, suna kira a jefa musu kuɗi a ruwa su nutsa su ɗauko. Tun 1985 ake yin gasar iyo daga Dakar zuwa Gore, ɗaruruwan mutane, maza da mata, su faɗa teku su ƙetaro da ƙarfin damtsensu.

Da marece jirgi zai yi kuka, masu yini su yi layi, rigunansu da gishiri, ƙafafunsu da rairayi. Masu kifi su kashe wuta. Mai gadin Gidan Bayi ya riga ya rufe ƙofa. Waɗanda za su kwana su ne ƴan gari. In hutu ya ƙare a watan Oktoba, wasu za su ƙaru a kansu: ƴan matan makarantar kwana da ke bisa tudu, wadda shugaba Senghor ya kafa a ƙarshen shekarun 1970. Tana ɗauke da sunan Mariyama Ba, marubuciyar Senegal da ta rasu a 1981. Kowace shekara ana zaɓo ƴan matan da suka fi kowa cin jarrabawar gama firamare a duk faɗin ƙasar, a kawo su tsibirin, su yi shekara bakwai suna karatu.